Sau biyu ana shafe ginshiƙan sitonmu da siminti, tsagar tana dawowa

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ke kula da sito na wani kamfani, ginin ya daɗe. Ginshiƙai huɗu sun tsage daga ƙasa zuwa sama, jan ruwa kamar na tsatsa yana tsattsafowa. Makon jiya wani ɓangare ya ɓanɓaro har rodi ya fito fili. Sau biyu birkila yana shafe wurin a yi fenti, bayan 'yan watanni ya sake buɗewa. Yanzu ya ce a ƙara siminti a kwaɓin. Ma'aikata suna lodi a wajen kullum, hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, da gaskiyarka da hankalinka bai kwanta ba. Tun yau a janye mutane da kaya masu nauyi daga wajen, a killace shi, a kira injiniyan gini ya gani da idonsa. Kada kowa ya ɗora guduma a kan ginshiƙan nan kafin a tokare bim ɗin da suke ɗauke da su.

Tsagar da ta bi tsawon rodi, ga jan tabo, daga ciki take tasowa. Lafiyayyen kankare yana da pH (ma'aunin tsami da kanwa-kanwar abu) wajen 12.5 zuwa 13, wannan ne ke hana rodi tsatsa. Idan iskar kabon dayoksaid ta ratsa shi shekara da shekaru ta saukar da pH ɗin zuwa wajen 9, ko gishirin kuloraid ya isa jikin ƙarfen, kariyar ta tafi. Tsatsa kuwa tana cin wuri ninki biyu zuwa shida na ƙarfen da ta cinye. Ita ce take kumbura tana tunkuɗo kankaren waje.

To ina amfanin filasta a nan? Wannan ɗabi'a ta "a shafe kawai" ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya a wannan aiki. Kusan kullum sai na tarar da ita. Mutum ya kwaɓa siminti da yashi, ya liƙa a kan rodi mai tsatsa, ya goge da soso, a bi da fenti, mai gini ya ga wuri fes ya biya kuɗi. Ciwon yana nan a ciki yana ci, abin da aka yi kawai shi ne an rufe idon mai dubawa. Na taɓa ƙwanƙwasa irin wannan faci da guduma, ya yi ƙara kamar fanko, na sa hannu ya zubo, a bayansa rodin ya sirance, tsatsa tana ɓarewa falle-falle kamar ɓawon itace. Ƙara siminti ma ɓata lamarin yake: kwaɓi mai yawan siminti ya fi tsukewa idan ya bushe, sai ya tsage ya rabu da tsohon kankaren. Kuma inda akwai kuloraid, sabon faci yakan sa tsatsar ta koma ta kama rodin da ke gefensa, shi ya sa za ka ga sabuwar tsaga ta zagaye wurin da aka gyara. Birkila ya iya aikinsa, amma auna ƙarfin ginshiƙi ba fanninsa ba ne, kuma wanda ya ce maka "babu komai" bai auna komai ba, ba shi zai tsaya a ƙarƙashi ba. A Surfside ta jihar Fulorida a Amurka, rahoton injiniya ya yi gargaɗi kan lalacewar kankaren wani bene tun 2018. Benen ya rushe a watan Yunin 2021, mutum 98 suka rasu.

Gyaran gaskiya da gwaji yake farawa. A ƙwanƙwasa a gano iyakar inda ya saki, a fesa sinadarin gwaji mai suna fenolftalin a sabon ɓari: inda ya koma ruwan hoda da sauran kariya, inda bai sauya launi ba iska ta riga ta ci. A auna kuloraid da kaurin kankaren da ya rufe rodi. Sannan a fasa har bayan rodin da kamar milimita 20, a bi shi har inda tsatsa ta ƙare, a yanke gefen wurin a miƙe, kada a bar shi da siririn baki. A goge tsatsar ƙarfen tas. Wanda ya sirance, injiniya ne zai ce a ƙara wani. A cike da kwaɓin gyara na musamman mai ƙarancin tsukewa, irin wanda ƙa'idar Turai ta gyaran kankare, EN 1504, ta tanada, a kula da jiƙa shi yadda masu yin sa suka ce. Idan kuloraid ya yi yawa, akan dasa zinki a gefen facin don tsatsa ta ci shi maimakon rodi.

Allurar epoksi (wani gam mai ƙarfi da ake ɗurawa cikin tsaga) da wasu za su tallata maka ta busasshiyar tsaga ce wadda ta daina motsi, ba ta tsayar da tsatsa.

Ka kuma sa a nemo ta inda ruwa ke zuwa gindin ginshiƙan nan, ko yoyon rufi ne, ko wankin daɓe, ko wani sinadari da kuke ajiyewa kusa. Rahoton injiniyan ya zama a rubuce da hotuna, ka miƙa wa masu kamfanin hannu da hannu.