Zauren Kamfani a Intanet: Wa Zai Riƙe Makulli?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna sayen wake da gyaɗa, ofishinmu na Zango cikin Damagaram, muna da rassa a Matamai da Magariya. Ma'aikata sun kai 30. Farashi da sanarwa duk ta WhatsApp muke turawa, tsohon saƙo yana cakuɗewa da sabo. An ce mu yi zauren kamfani a intanet, wato shafin da ma'aikatanmu kaɗai za su riƙa shiga. Wani ya ce SharePoint, ɗan ƙanwata kuma ya ce zai haɗa mana da WordPress. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. SharePoint na Microsoft ne, yana zuwa cikin tsarin Microsoft 365 na kamfanoni, kuma biyansa kan kowane ma'aikaci ne. Kan mutum 30 lissafin yana hawa da sauri. Ya fi dacewa da wurin da aikinsa takardun Word da Excel ne da mutane da yawa ke gyarawa tare. WordPress, wanda ya fito tun 2003, kyauta ne. Abin da za ka biya shi ne masaukin shafin, wato hayar na'urar da za ta riƙe shi a intanet, da sunan adireshi, shekara-shekara. Ga buƙatarku ta farashi, sanarwa da ƴan takardu, ni WordPress zan ce, a rufe shi yadda sai mai kalmar sirri zai shiga.

Amma Alhaji, damuwarku ba ta manhaja ba ce. Tambayar ita ce wa ke rubutawa, wa ke dubawa kafin a saki, wa ke share abin da ya tsufa. WordPress ya raba matsayi: akwai mai kula da komai, akwai edita, akwai wanda zai rubuta amma ba ya iya wallafawa sai an duba masa. Wakilin Magariya a ba shi wannan na ƙarshe. Ya rubuta farashin tiyar wake, babban akawu ya duba ya saki. In an yi kuskure, manhajar tana ajiye tsofaffin kwafin shafi, sai a koma na jiya. Kowane shafi kuma a sa masa ranar da aka sabunta shi da sunan mai alhakinsa. Na taɓa ganin zauren wani kamfani da farashin bara ke zaune a shafin farko, har wani wakili ya sayi kaya da shi. Ba wanda aka ɗora wa sharewa, don haka ba wanda ya share.

Sai maganar ɗan ƙanwarka, kuma nan nake so ka saurara da kyau. Ya gina, ba laifi, yaran nan sun iya. Amma a yi rajistar adireshin da masaukin da sunan kamfani, da imel na kamfani, babbar kalmar sirri tana hannunka. Gobe in ya samu aiki a Yamai ko ya tsallaka Kano, kada ya tafi da makullin zaurenku a aljihu, ka koma roƙon ɗanka abin da kuɗinka ya saya. Ku kuma rubuta yarjejeniya, ko da shafi ɗaya ne: wa ke sabunta manhajar, wa ke ajiye kwafi duk mako.

Kada ka ajiye na'urar da za ta riƙe shafin a ofis. Zafin bazara da ɗaukewar wuta za su wahalar da ita. Hayar masauki ta fi sauƙi. Kafin ka biya ragowar kuɗi, ka sa wakilin Matamai ya buɗe zauren da ƙaramar wayarsa. In hotuna sun yi nauyi bai buɗe ba, a rage su.

Tambaya: Malam, mun rubuta sanarwa da Hausa, haruffa masu lanƙwasa suka koma akwatuna.

Amsa: Hajiya, ko dai salon haruffan da aka zaɓa ba shi da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, ko shafin ba a kan UTF-8 yake ba, wato tsarin da ke sa na'ura ta gane haruffan harsuna daban-daban. Ki ce wa mai shafin ya duba wannan, ya gwada salon Noto Sans.