Amsa ga ɗalibina game da rigar Uwargida Graham

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa rigar da ka kwaikwaya daga hoton Uwargida Graham ta fito a sandare kamar an lanƙwasa kwanon rufi, alhali ka bi kowace ninkewa da kowace inuwa ba ka tsallake ko ɗaya ba. Na duba aikin naka da kyau, kuma hannunka ba shi da laifi. Matsalar tana wurin da ka tsaya lokacin da kake kallo.

Hoton nan Thomas Gainsborough, wani mai zane ɗan Ingila, ne ya zana shi, aka nuna shi a Landan a shekarar 1777, kuma tsawonsa ya haura mita 2, domin an yi shi ne a rataye a bangon babban zaure inda mai kallo zai hango shi daga nesa. Kai kuwa a waya ka gan shi, ka buɗa shi da yatsu biyu har ka shiga cikin rigar, ka yi ta neman zare da ɗinki a inda mai zanen bai sa su ba. Idan ka sake buɗa gefen hannun rigar ka natsu, za ka tarar babu komai sai shafe-shafen fari da toka-toka da ɗan ruwan hoda, an ja su da sauri, wasu ma ba su haɗu da juna ba. Sai mutum ya ja da baya ne ido zai haɗa su ya ga siliki mai sheƙi. An ruwaito cewa Gainsborough yakan yi aiki da buroshi mai doguwar ƙota don ya tsaya nesa da abin da yake zanawa, kuma yakan tsinka fentinsa har ya kusa zuba daga kan farantin haɗa launi. Joshua Reynolds, babban abokin hamayyarsa a zane kuma shugaban farko na Royal Academy, ƙungiya da makarantar masu zane ta Landan da aka kafa a 1768, ya yi jawabi ga ɗalibai bayan rasuwar Gainsborough a 1788, inda ya amsa cewa waɗannan ƙarce-ƙarce da suke kama da hargitsi daga kusa sukan koma cikakkiyar siffa daga nesa.

Sheƙin tufa ba ya cikin yawan fari. Ka tuna rawanin da aka rina da shuni aka buga: abin da ke sa shi ƙyalli shi ne haske mai kaifi da ya kwanta dab da duhu mai zurfi, babu doguwar tsaka-tsaki a tsakaninsu. Kai ka murje kowace iyaka da buroshi har hasken ya narke cikin inuwa, shi ya sa tufar ta mutu a hannunka.

Kafin ka sake gwadawa, ka kuma lura da abin da tufar take faɗa game da mai ita. Uwargida Mary Graham tana tsaye ta jingina da gindin ginshiƙi, da gashin jimina a hannu da hula mai gashin tsuntsu, kuma ɗinkin rigar tata ba yayin shekarunta ba ne zalla, an ɗauko shi ne daga salon hotunan Van Dyck, mai zanen fadar Ingila na fiye da shekara ɗari kafin nan, don a nuna asali da daɗewar gida. Reynolds ma yakan kauce wa yayin zamani, amma shi sau da yawa fuska yake zanawa, ya bar wa masu taimaka masa aikin tufafi, yayin da Gainsborough yakan yi nasa da hannunsa. Ni dai wannan ne ya sa na fi son ka koyi tufa daga Gainsborough. Idan kuma ka je ga hotunan Reynolds ka ga fuskokin wasu matan fari fat kamar an shafa alli, kada ka kwaikwayi farin, domin jan launin da ya yi amfani da shi ne ya koɗe da tsawon zamani.

Mary Graham ta rasu a 1792 da ciwon tarin fuka, mijinta Thomas Graham ya kasa jure kallon hoton, aka ajiye shi a ɓoye har bayan rasuwarsa a 1843, kuma yanzu yana babban gidan adana hotuna na Edinbara, babban birnin Scotland. Na faɗa maka wannan ne don ka san fuskar ta yi kama da mai ita sosai, ko da yake tufar ce ta ɗauke maka hankali.

Gobe ka shimfiɗa shadda mai sheƙi a kan kujera kusa da taga, ka ɗaura buroshinka a kan sanda mai tsawon kamu biyu, ka haɗa launi uku kawai: mai duhu, matsakaici da mai haske. Duk shafa biyar ka ja da baya har bakin ƙofa ka duba, kuma kada ka murje wani wuri sai na zo na gani.