Firinta mai sikanin da fotokwafi a kan Linux, wacce zan saya?

Tambaya: Salam Malam. Ina da ɗan shagon buga takardu a Zariya, na sa Linux Mint a kwamfutata don na gaji da bairos ɗin filashin kwastomomi. Ina so in sayi firinta laser mai bugawa da fotokwafi da sikanin, mai shago ya ce in ɗauki HP kawai wai duk ɗaya ne. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi ba duk ɗaya ba ne, kar ka biya kuɗi saboda tambari kawai. Abin da za ka fara dubawa a jikin kwalin shi ne ko an rubuta AirPrint ko Mopria, in akwai to ka huta, domin CUPS, wato manhajar da ke kula da bugu a Linux, tana gane irin waɗannan da kanta ba sai ka sa direba ba, kana haɗa firintar da kwamfutar a Wi-Fi ɗaya za ka ga firintar ta fito. Ubuntu ta shigo da wannan tsarin tun 2017, Mint kuma daga Ubuntu aka gina ta.

Inda mutane ke shan wahala sikanin ne. Fotokwafi ba ruwansa da kwamfuta, bugu ma yawanci yana yi, amma sai ka buɗe manhajar sikanin ta Document Scanner ta ce ba ta ga komai ba. A sababbin firintoci wata manhaja mai suna sane-airscan ke magance wannan, in ta USB ka jona kuma ka tabbatar akwai manhajar ipp-usb a kwamfutar.

Maganar HP kuwa, suna da HPLIP, wato manhajar direbobinsu ta Linux, kuma tana aiki sosai, sai dai irin su Laser MFP 135a asalinsu na Samsung ne, HP ta sayi sashen firintocin Samsung a 2017, HPLIP ba ta san su ba, direbansu daban ake saukewa. Tsohuwar M1132 da ta cika kasuwar 'yan tokumbo tana yi, amma sai ka rubuta umarnin hp-plugin a Terminal ka sauke ƙarin fayil da intanet. Ni dai ina sonta saboda tonarta 85A ko'ina akwai. Brother ma suna ba da direba .deb, wato irin fayil ɗin da Mint ke girkawa, a shafinsu.

Don Allah ka tafi shagon da laftof ɗinka, ka buga shafi ɗaya ka yi sikanin ɗaya a gabansa kafin kuɗi su bar aljihunka.

Tambaya: Malam zan iya jona ta a ƙaramin UPS ɗina?

Amsa: A'a ɗan'uwa, kar ka yi. Laser sai ta gasa hita take manna tona a takarda, lokacin tana fizgar wuta sosai, UPS ɗin zai yi ta kuka ya kashe maka kwamfuta ana tsakiyar aiki. Ka bar shi wa kwamfutar, ita firintar ka ba ta soket ɗinta.