Me ya sa ƙungiyoyin agaji ke maimaita rajistar mutane a wuri ɗaya?

Tambaya: A sansanonin 'yan gudun hijira na Borno, sai ƙungiya ta zo ta rubuta sunayen mutane, bayan 'yan makonni wata ta zo ta sake rubutawa, alhali akwai ƙauyukan da ba a leƙa ba. Shin ƙungiyoyin nan ba sa tuntuɓar juna ne?

Amsa: Suna tuntuɓar juna, kuma akwai tsarin da aka kafa don haka. Tushensa ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya ne mai lamba 46/182 na Disamban 1991, wanda ya kai ga kafa ofishin daidaita ayyukan jin ƙai, wato OCHA, a 1998. A 2005, bayan tafiyar hawainiyar da agaji ya yi a Darfur, aka raba aikin sashe-sashe, aka fara gwada tsarin a girgizar ƙasar Pakistan ta watan Oktoba. A tsarin, hukumomin Majalisar ne ke jagoranci: ta lafiya (WHO) ke jagorantar lafiya, ta yara (UNICEF) ruwa da tsafta, na abinci da noma (WFP da FAO) abinci, ta 'yan gudun hijira (UNHCR) kuma kare haƙƙin waɗanda rikici ya shafa. A arewa maso gabashin Nijeriya, hukumomin agajin gaggawa na gwamnati irin su NEMA ta tarayya da SEMA ta jiha na zama a waɗannan taruka, inda kowace ƙungiya ke cike jadawalin da ke nuna wane ne ke yin me, a ina, yaushe, kuma don wa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, OCHA ba ta da ikon tilasta wa kowa. Mafi yawan kuɗin kan fito kai tsaye daga ƙasashe masu ba da tallafi zuwa ga ƙungiya, kuma kowane mai bayarwa yana buƙatar jerin sunayen waɗanda suka amfana da nasa kuɗin. Ga kuma gasar neman tallafi, wadda a ganina ba a cika faɗinta a fili ba.

Sai dai riƙe sunaye yana da hujja mai ƙarfi. Alƙaluma na jimla, kamar ƙidayar da hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ke yi wa masu gudun hijira a Nijeriya tun 2014, ana wallafa su ga kowa. Amma sunan mutum da hoton yatsarsa da garin asalinsa na iya jefa shi cikin haɗari idan suka faɗa hannun da bai dace ba. A Janairun 2022 an gano kutsen da aka yi a rumbun bayanan ƙungiyar Red Cross ta duniya, ICRC, lamarin da ya shafi mutane fiye da 515,000, kuma a 2021 ƙungiyar Human Rights Watch ta zargi UNHCR da tattara bayanan 'yan Rohingya da suka gudu daga Myanmar, bayanan da Bangladesh ta miƙa wa Myanmar ɗin ba tare da cikakkiyar yardar masu su ba. Shi ya sa ba a musayar sunaye sai da rubutacciyar yarjejeniya, kuma ƙulla ta kan ɗauki lokaci.

Batun ƙauyukan da ba a leƙa ba kuwa, galibi matsalar tsaro ce da rashin izinin bin hanya, domin sau da yawa suna cikin jadawalin a matsayin wuraren da agaji bai isa ba.