Sanusi, ga amsar tambayarka kan ajiyar kwamfuta gaba ɗaya

Na ga saƙonka. Ka ce Alhaji mai kantin magunguna ya ba ka aikin yi wa sabar ɗinsa ajiya, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan kantin, ka kwashe takardunsa da jakar manhajar kanti ka zuba a diskin waje, kana tambaya me ya sa ni ba na tsayawa nan, sai na ɗauki hoton diskin duka, wato cikakken kwafinsa har da Windows da saituttukansa, alhali ya fi cin lokaci da wuri. Ka kuma tambaya ko hoton da aka ɗauka a wannan na'ura zai tashi a wata idan ta farko ta mutu.

Aikin da ka yi ba na banza ba ne. Amma ka ɗauka diskin ya mutu ranar Litinin da hantsi, mutane sun cika bakin kanta da takardun likita a hannu. Da fayiloli kaɗai me za ka yi? Ka sayo sabon diski, ka girka Windows, ka bi direbobi, ƙananan manhajojin da ke sa kowane sashe na na'ura aiki, ɗaya bayan ɗaya, ka girka manhajar kanti, ka shiga neman lambar lasisinta a wurin wanda ya girka ta tun shekarun baya, wanda wataƙila ya koma Yamai ya canja lambar waya. Bayan nan ka saita firintar rasidi, ka mayar da adireshin IP ɗin, lambar da sauran kwamfutocin kantin suke nemanta da ita, ka sake buɗe wa kowane ma'aikaci sunansa da kalmar sirrinsa. Kwana biyu ke nan in ka yi sa'a, Alhaji na tsaye a kanka yana sayar da magani da littafi da biro. Da hoton diski kuwa, sabon diski za ka saka, ka juye masa hoton, kafin la'asar na'ura ta tashi yadda aka bar ta.

Dalili shi ne akwai abubuwa a diski da kwafi da liƙawa ba sa gani. Akwai taswirar da ke faɗin yadda aka raba diskin, MBR a tsofaffin na'urori, GPT a sababbi. Akwai wani ɗan ɓangare ɓoyayye na EFI, yawanci bai wuce megabait 100 ko ƴan ɗaruruwa ba, wanda in babu shi na'ura ba ta san inda Windows yake ba. Akwai rajistar Windows da ke riƙe da saitin kowace manhaja. Sannan akwai abin da ya fi ba ni tsoro a aikinka na jiya: rumbun bayanan manhajar kanti. In ka kwafe shi manhaja na buɗe, yaro na buga ciniki, to rabin rubutu ka ɗauko. Fayil ɗin zai zauna a diskin waje da sunansa da girmansa, ka ɗauka lafiya lau, sai ranar buƙata ya ƙi buɗewa.

Hanya biyu ake ɗaukar hoton. Ta farko, a kashe na'ura a tashe ta da kile ta USB, wato filas. Clonezilla nake amfani da shi, kyauta ne, wata cibiyar bincike ta Taiwan ce ta ƙirƙiro shi. Windows ba ya aiki, ba abin da ke motsi a diskin, saboda haka hoton na fita tsaf. Ba ya ɗaukar fankon wuri, sai inda aka yi rubutu, kuma yana matse shi. Diskin terabait 1 da ke ɗauke da gigabait 180 hotonsa zai fito ƙasa da 180 ɗin. Ka zaɓi device-image, sannan savedisk. Kar ka zaɓi saveparts, don shi ɓangare-ɓangare yake ɗauka, kana iya barin na EFI a baya. In ya tambaye ka ko ya duba hoton bayan ya gama, ka ce e, ko da kana sauri.

A nan ne hannu ke rawa, don haka ka natsu. Clonezilla bai san C: da D: ba, sda da sdb zai nuna maka, wanda kake zato na ciki kuma yana iya zama na waje. Kafin ka fara, rubuta girman kowane diski da ƙarshen lambarsa ta jiki a takarda, ka ajiye gefen allon rubutu. Lokacin maidowa zai tambaye ka sau biyu ko ka tabbata, domin duk abin da ke diskin da ka nuna masa zai shafe. Na ga gwanaye sun juye fankon diski a kan na mai kaya saboda danna y, wato e, da sauri. Wannan kuskure ba ya gyaruwa da ban haƙuri. Wani abu kuma: yawancin abin da ake kira sabar a kantunan garin nan kwamfutar tebur ce mai Windows 10, ita kuwa in ka kashe ta ba ta mutuwa duka saboda saitin saurin tashi. Ka cire wannan saitin tukuna, in ba haka ba Clonezilla zai ce diskin ba a rufe shi daidai ba. Af, ka kuma gaya wa Alhaji cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, ya fara shiri.

Hanya ta biyu ita ce ta na'urar da ba a so a kashe. Windows na da wata dabara, VSS, tun zamanin XP da Server 2003: tana tsayar da rubutu na ɗan ƙiftawar ido, ta riƙe surar diskin na wannan lokacin, aiki ya ci gaba, ajiya kuma ta kwasa daga surar. A Windows Server sai ka girka Windows Server Backup, sannan kana iya rubuta umarnin da hannu: wbadmin start backup -backupTarget:E: -allCritical -quiet. Ka lura, allCritical abin da Windows ke buƙata don ya tashi kaɗai yake ɗauka. In bayanan kanti na D:, sai ka ƙara -include:D: da kanka. Diskin waje ya kasance mai tsarin NTFS na Windows, za ka ga jaka mai suna WindowsImageBackup ta bayyana, kar ka canja mata suna. Veeam Agent ma yana da na kyauta, yana kuma haɗa maka kile ta ceto da direbobin na'urar a ciki. In Linux ce, Relax-and-Recover ke wannan aiki.

Lokaci ya danganta da kofar da ka soka wa diskin. USB 2 ba ta cika wuce megabait 30 zuwa 35 a daƙiƙa ba, gigabait 500 za su ci maka fiye da awa huɗu. Kofa mai launin shuɗi, USB 3, tana kai megabait 100 da diski mai juyawa, awa ɗaya da rabi ka gama. Kar ka fara ba tare da ondilar, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, mai batir mai rai ba, diskin waje da allon kallo duk a jikinta. Kai ma ka san yadda muka sha fama da wuta bayan Nijeriya ta yanke layi a watan Agustan 2023, ko yanzu kuma a bazara ba ka da tabbas. Yankewar wuta lokacin ɗaukar hoto asarar lokaci ce kawai. Lokacin maidowa kuwa ka tashi da diski rabi da rabi, sai an sake daga farko. Zafin Afrilu da Mayu ma ka yi lissafinsa, diskin waje da ya yi awanni yana aiki a ɗakin da ya haura digiri 40 sai ya fara tsinkewa. Ka ɗora shi a fili, fanka na kaɗa shi. Ka kuma busa ƙurar hunturu da ta toshe na'urar kafin ka sa ta wannan doguwar wahala.

Duk wannan in diskin na da lafiya ne. Ka duba SMART, rahoton lafiyar da diski ke bayarwa, da manhajar CrystalDiskInfo tukuna. In ya nuna ruwan ɗorawa, ko kana jin diskin na ƙwas-ƙwas, ajiye Clonezilla, kar kuma ka yi masa chkdsk, umarnin Windows na gyaran diski, ƙarasa shi za ka yi. ddrescue ake sa wa irin wannan: yana kwashe wuraren da ke karantuwa da sauri, ya rubuta inda ya tsaya, daga baya ya dawo kan wuraren da suka lalace.

Yanzu tambayarka ta biyu. A na'ura ɗaya da sabon diski, ba wata matsala sai girma. Clonezilla ba ya son diskin da ya gaza na asali. Hoton diskin gigabait 500 ba zai shiga SSD mai 480 ba, ko da abin da ke ciki bai kai 100 ba, sai ka rage ɓangaren Windows tun kafin ɗaukar hoto. Da wbadmin kuma, ka tashi da kile ta girka Windows, tunda namu na Faransanci ne ka danna Réparer l'ordinateur, ka nemi Récupération de l'image système.

A wata na'ura daban, yana iya tashi, yana iya ƙi, kuma wuraren da yake ƙi sanannu ne. Hoton da aka ɗauka a na'ura mai UEFI, sabon tsarin tashin na'ura, ba ya tashi a wadda aka saita Legacy, tsohon tsarin, haka ma akasi, don haka shiga BIOS, saitin farko na na'urar, ka daidaita. Sai yanayin SATA, wato yadda na'ura ke magana da diski: in tsohuwa na AHCI, sabuwa na RAID, Windows zai fara tashi ya faɗi da shuɗin allo mai INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, lambarsa 0x7B. Yara da yawa in sun ga wannan sai su ce hoton ya lalace, su goge komai, alhali canja saiti ɗaya ne. Sabar ta gaske irin Dell PowerEdge ko HP ProLiant tana da katin RAID nata mai haɗa diski da yawa su yi aiki tare, in ba ka loda direbansa ba, manhajar ceto ba za ta ga diski ko ɗaya ba. Shi ya sa nake ajiye direban a kile ɗaya da hoton. Windows 10 da 11 sun fi Windows 7 haƙuri da sabon ƙarfe nesa ba kusa ba, amma lasisi na iya faɗuwa idan babban allon cikin na'ura ya canja, katin sadarwa kuma sabo ne a wurinsa, sai ka sake rubuta masa IP. Manhajar kanti ma in an ɗaure lasisinta da jikin na'ura ko da ƴar kile, hoto ba ya warware wannan, ka tambaya tun yau.

BitLocker kuma, makullin Windows mai rufe bayanan diski, ka kula da shi, sababbin kwamfutoci masu Windows 11 da yawa suna zuwa da shi a kunne mai su bai sani ba. Clonezilla ba ya iya leƙa ciki, sai ya kwashe ɓangaren kaf, hoton ya fito ƙato. In ka maido a wata na'ura zai nemi mabuɗin ceto mai lamba 48. Babu shi, babu bayanai, ba kuma wani gwani a Kano ko Yamai da zai buɗe maka. Ka buga shi a takarda, Alhaji ya sa inda yake ajiye takardun gida.

Hoto yana tsufa. Wanda ka ɗauka yau bai san cinikin gobe ba. Tsarina shi ne hoton duka sau ɗaya a wata, da kuma kafin duk wani babban canji, bayanan kanti kuma kowane dare ta hanyar ajiyar da ke cikin manhajar kanta, ko umarnin mysqldump in rumbun bayanan MySQL ne. Ranar ɓaci sai ka maido hoto, ka ɗora masa ajiyar daren jiya.

Alhaji zai ce maka na'urarsa na da diski biyu masu kwafar juna, me zai yi da ajiya. RAID mutuwar diski ɗaya kawai yake tarewa. In yaro ya goge fayil, ya gogu a duka biyun nan take. In ƙwayar cuta mai kulle bayanai ta shiga, irin WannaCry da ta tsayar da asibitocin Ingila a watan Mayun 2017, duka biyun za ta kulle, har da diskin wajen da aka bari a soke. In tsawa ta bi waya da damina, ba ta zaɓe. Ƙa'idar da ake bi ita ce kwafi uku, a kan abin ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Ko manyan kamfanoni wannan ta ci su: a watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen OVH, kamfanin da ke ajiye wa mutane sabar, a Strasbourg ta Faransa, waɗanda ajiyarsu ke wuri ɗaya da sabar ɗinsu suka rasa duka. Ga kanti irin na Alhaji, diskin waje biyu sun isa, ana musanya su duk Juma'a, ɗaya na kanti ɗaya na kwana a gida. Bayanan dare tunda ba su da nauyi, a tura su intanet. Hoton duka kam kar ka ma fara, kuɗin data zai fi na diskin.

Ka tuna abin da ke cikin hoton: bashin mutane, sunayen marasa lafiya, ribar Alhaji. Amana ce. Ka sa masa kalmar sirri, Clonezilla na da wannan zaɓi, kar kuma kwafi ya kwana a diskinka na aiki.

Saura abin da nake cajin kuɗi a kansa, wanda yawancin masu gyara ke tsallakewa: gwaji. Ba a fafe gora ranar tafiya. Rubutun da ya fito cewa an gama lafiya ba hujja ba ce, hujja ita ce ka ga na'ura ta tashi daga hoton. Cire diskin asali ka ajiye gefe, saka fanko, juye hoton, tashi Windows, buɗe manhajar kanti, nemo cinikin jiya, buga rasidi ɗaya. Ka duba agogo daga farko zuwa ƙarshe, ka rubuta awannin, domin ita ce amsar da za ka ba Alhaji in ya tambaya kwana nawa kanti zai tsaya. In ka gwada a wata na'urar, cire mata wayar sadarwa, kar sabar biyu masu suna ɗaya da IP ɗaya su haɗu a kanti.

Akwai diskin terabait 1 a aljihun tebur na ƙasa a shago, ka ɗauka tare da ondilar ƙarama. Ka je ranar Juma'a bayan an rufe kanti don masallaci, ka roƙi Alhaji ya bar maka shi har la'asar. In shuɗin allo ya fito, ɗauki hotonsa da waya ka turo mini kafin ka taɓa komai.