Amsa: mata ne suka fi maza takura wa kafafen sada zumunta?

Malam, ka tambaya ko jinsin mai tsara doka yana sauya irin dokar da ake yi wa matasa. Yana sauyawa, amma wajen abin da ake kawowa gaban majalisa, ba wajen ƙuri'a ba.

Dubi Birtaniya. Baroness Beeban Kidron, 'yar Majalisar Iyayen Ƙasa (House of Lords), ce ta dage har aka samu ƙa'idar kare bayanan yara, wadda ta fara aiki sosai a Satumban 2021: asusun yaro ya zo a kulle tun farko, a kashe nuna wurin da yake. A Ostireliya, Michelle Rowland, ministar sadarwa ta lokacin, ce ta gabatar da dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe asusu a Nuwamban 2024, amma Firaminista Albanese, namiji, shi ya yi ta tura ta. A Amurka kuwa sanatoci biyu, Marsha Blackburn (mace) da Richard Blumenthal (namiji), tare suka kawo KOSA, ƙudurin dokar kare yara a intanet. Majalisar Dattawa ta amince da ƙuri'a 91 da 3 a 2024, amma ƙudurin ya maƙale a Majalisar Wakilai.

Ko mace ce ta kawo su ko namiji, inda dokokin ke tuntuɓe shi ne tantance shekaru. Yaro ya sa ranar haihuwar ƙarya, ko ya shiga da VPN (manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake), ko da wayar yayansa. Na'urar ƙiyasta shekaru ta fuska kuma takan rikice tsakanin ɗan 15 da ɗan 17.