Filin Tambaya da Amsa: Tsoron Allah nake yi, ko gudunsa nake?

Tambaya: Baba Fasto, gaisuwa cikin sunan Yesu. Ni mace ce, shekaruna 27, a gidan Kirista na tashi kuma an yi min baftisma tun ina 'yar 15. Damuwata ita ce duk ranar da aka yi wa'azin hukunci a coci sai jikina ya mutu, na dawo gida na kasa barci, kuma in na yi wani laifi ko ƙarami ne sai na daina addu'a kwana da kwanaki don ji nake kamar Allah na fushi da ni. Yanzu wata 8 kenan ban ci Jibin Ubangiji ba saboda abin da na karanta a 1 Korantiyawa 11, cewa wanda ya ci da rashin cancanta hukunci yake jawo wa kansa. Ƙawata ta ce tsoro ba na Kirista ba ne, ta nuna min 1 Yohanna 4:18 inda aka ce cikakkiyar ƙauna tana fitar da tsoro, amma ni kuma na san Karin Magana 9:10 ta ce tsoron Ubangiji shi ne mafarin hikima. To wanne zan kama? Don Allah a sakaya sunana.

Amsa: 'Yata, na gode da kika rubuto, kuma gaskiya wata 8 ɗin nan da kika ambata shi ya fi tsaya min a rai.

Ayoyin biyu ba faɗa suke yi ba. Buɗe Fitowa 20:20 ki gani, lokacin da Isra'ilawa suka tsaya a gindin dutsen Sinai ga tsawa ga walƙiya ga hayaƙi, suka ja baya suna rawar jiki, sai Musa ya ce musu kada su ji tsoro, Allah ya zo ne ya gwada su domin tsoronsa ya zauna a gabansu kada su yi zunubi. Kin ga a aya ɗaya ya ce kar a ji tsoro, ya kuma ce a ji tsoro. Ashe tsoron iri biyu ne, kalmar ce kawai ɗaya.

Yadda ni nake bambance su ba wuya, ina duba inda tsoron ke tura mutum. Adamu da ya ci 'ya'yan itacen nan, a Farawa 3:10, cewa ya yi ya ji motsin Allah a gonar sai ya ji tsoro ya ɓuya. Bitrus kuma, a Luka 5, bayan sun kwana suna fama ba su kama komai ba, Yesu ya sa suka sake jefa taru har jirage biyu suka cika suna neman nutsewa, sai ya ce Ubangiji rabu da ni, ni mai zunubi ne. Amma ki duba a ina ya faɗi wannan maganar, a gaban gwiwoyin Yesu ya faɗi, bakinsa na cewa tafi jikinsa kuma ya ƙi matsawa, kuma abin da Yesu ya fara ce masa shi ne kada ya ji tsoro, daga nan ya ba shi aiki. Dukansu biyu sun ga laifinsu, dukansu sun ga girman Allah, ɗaya ya shige bayan itatuwa ɗaya ya durƙusa. To ke da kike daina addu'a duk lokacin da kika yi laifi, ki yi min haƙuri in faɗa miki, bayan itatuwan kike.

Akwai wani babban malamin ikilisiya, Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya rasu a 430. Da yake wa'azi a kan wannan ayar ta Yohanna ya kawo misalin mata biyu, duka suna tsoro game da mazajensu. Mai cin amana tana tsoron kar mijin ya dawo, mai aminci kuma tana tsoron kar mijin ya tafi ya bar ta. Ya kuma kwatanta tsoron hukunci da abin da ake zura zare a yi ɗinki da shi, shi ke fara shiga, amma sai ya fita zaren ke zama. Ina son wannan misalin sosai don bai raina tsoron hukunci ba, mutane da yawa ta nan suka fara, ko Martin Luther ma, wanda daga baya ya jagoranci gyaran ikilisiya a Jamus, tsawa ce ta firgita shi a hanya a 1505 har ya yi alkawarin shiga gidan sufaye, kuma ya yi shekaru yana azabtar da kansa da azumi da yawan furta zunubi bai samu salama ba sai da ya gane daga wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa cewa ta bangaskiya ne mai adalci zai rayu. Amma allura in ta tsaya a cikin tufa ta ƙi fita, ai sukan mutum kawai za ta dinga yi.

Ita ma ƙawarki ban ba ta gaskiya duka ba fa. Yohanna da kansa ya faɗi irin tsoron da yake nufi, wanda ke tattare da azaba, kuma a aya ta 17 maganar ranar shari'a yake. Bai ce a daina ganin girman Allah ba. Yohannan nan dai, a Wahayi 1:17, da ya ga Yesu cikin ɗaukaka faɗuwa ya yi kamar matacce. Ibraniyawa 12:28-29 a Sabon Alkawari take, ta ce mu yi sujada da ladabi da tsoro domin Allahnmu wuta ne mai cinyewa. Ni abin yana damuna yadda wasunmu suka mai da Allah kamar sa'ansu, a yi zunubi da gangan ana cewa ai akwai alheri. Wannan tsoron mai kyau shi ya hana Shifra da Fu'a, ungozoman nan na Masar, kashe jarirai duk da umarnin Fir'auna, shi ya sa Yusufu ya bar rigarsa a hannun matar Fotifar ya gudu alhali ba mai ganinsu. Su ƙarfin hali ya ba su, ke naki barci ya hana ki.

Ayar da nake so ki haddace a makon nan ita ce Zabura 130:3-4. Mai zaburar ya ce in Ubangiji zai riƙa lissafin laifuffuka wa zai tsaya, amma akwai gafara a wurinsa domin a ji tsoronsa. Mu da tunaninmu za mu ce hukunci ne ke kawo tsoro, shi ya ce gafara ce. Wanda aka yafe wa babban bashi ai sai ya riƙa jin nauyin wanda ya yafe masa, ba ya son ko kaɗan ya ɓata masa rai.

Maganar Jibin Ubangiji kuma, koma ki karanta 1 Korantiyawa 11 ɗin tun daga aya ta 17. Abin da Bulus ke tsawatarwa shi ne a Koranti wasu na riga wasu ci, wani ya bugu wani na zaune da yunwa, ana kunyata marasa abin hannu. Kuma a aya ta 28 bai ce mutum ya bincika kansa ya ƙaurace ba, cewa ya yi ya bincika kansa sa'an nan ya ci. In akwai zunubin da kike riƙe da shi ki tuba, in akwai wanda kika ɓata wa ki je ki nemi gafara, ki samu fastonku ko wata dattijuwa da kika yarda da ita ku yi addu'a tare, sannan ki je teburin. In kuma rashin barcin da faɗuwar gaban suka ci gaba ki ga likita, ba rashin bangaskiya ba ne.

Tambaya: Baba, ɗana ɗan shekara 6 ne, in ya yi ƙarya nakan ce masa Allah zai ƙone shi a wuta. Matata ta ce in daina. Kuskure nake yi?

Amsa: Ɗana, ka ji maganar matarka. Yaro ɗan shekara 6 abin da zai koya daga wannan shi ne ya ƙara iya ɓoye ƙaryar, ya kuma riƙa jin Allah dodo ne. Afisawa 6:4 ta ce iyaye maza kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi, su goye su cikin horo da gargaɗin Ubangiji. Ka hore shi a kan ƙaryar, ka gaya masa Allah na gani kuma ba ya so, in ya faɗi gaskiya ka rungume shi ku yi addu'a tare. Kuma ranar da kai ma ka yi masa alkawari ka saɓa, ka ce masa ya yafe maka.